Igiyar da ta ci ƙarfe: me kuke gani idan kuna tattaki a bakin ruwa?

Bintu_Tattaki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu masu taya ni tunani.

Aikin dare nake yi. Idan na tashi da safe ba na iya wucewa gida in kwanta kai tsaye, kaina yakan ɗauki zafi. Shi ya sa na saba bi ta bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu a Landan, Regent's Canal, in yi tafiyar kamar minti 40. Wurin shiru ne. Ga agwagi, ga bishiyoyi sun sunkuyo kan ruwa, ga ƙananan jirage a ɗaure, wani lokaci in tarar da zalɓe tsaye ko motsi ba ya yi. Shekara 2 ina bi, ban taɓa tambayar kaina don me aka yi wannan hanya ba.

Ranar Talata yayyafi ya tsare ni a ƙarƙashin wata gada. Na dafa ginshiƙin ƙarfe, sai na ji yatsuna sun faɗa cikin wata tsaga mai santsi. Da na duba, ashe tsagogi ne a jere, wata bisa wata, kamar bakin tsohuwar rijiyar da igiyar guga ta cinye. Wani dattijo da ya fake tare da ni ya ce igiya ce ta yi su, igiyar da dawakai suke jan jiragen kaya da ita. Wato turbar da nake takawa don hutu, asalinta turbar doki ce, wurin aikin ƙarfi.

Tun ranar tafiyar ta sauya min. Ina duban ruwan ina tunanin waɗanda suka haƙa shi. Tambayata ita ce: sanin abin da ya faru a wuri yana ɓata natsuwarsa ne, ko yana ƙara ta? Wa ya taɓa jin irin haka?

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumus salam Malama Bintu. Dattijon bai yi ƙarya ba. Igiyar takan jiƙe, ta ja ƙasa ta kwashi yashi da tsakuwa, to duk inda ta goga sai ta zama kamar magagari. Jirgi bayan jirgi, shekara bayan shekara. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

An buɗe wannan hanyar gaba ɗaya a 1820, tsawonta ya kusa kilomita 14, daga Paddington zuwa Limehouse inda take haɗuwa da kogin Thames. Abin da ya sa aka sha wahalar haƙa irinta lissafi ne kawai: dokin da zai ja tan 1 ko 2 a kan hanya, idan kayan a kan ruwa suke sai ya ja tan 30. Kwal, katako, bulo, hatsi, duk ta nan suke shiga gari.

Idan kin sake bi, ki lura da gefen ruwan. A wasu wurare za ki ga an yi ɗan gangare da ya shiga cikin ruwa, kamar mashaya. Ba don ado aka yi ba. Idan doki ya firgita ya faɗa ruwa, ta nan ake fito da shi.

Zalɓe_07:
Ni dai gaskiya ban ga abin damuwa ba. Kin je ki huta, ki huta. Babu ƙasar da za ki taka a duniyar nan da ba a yi gumi ko kuka a kanta ba. Idan muka ce sai mun tono labarin kowane taku, to ina za mu sa kanmu? Ruwa ruwa ne, inuwa inuwa ce.

ɗanTarihi:
Malama Bintu, gadar da kika fake a ƙarƙashinta, mai ginshiƙan ƙarfe zagayayyu ce, kusa da gidan ajiye namun daji? Idan ita ce, to Macclesfield Bridge ke nan, kuma labarinta ya wuce na igiya.

Da asubahin 2 ga Oktoba 1874, wani jirgin kaya mai suna Tilbury yana wucewa ta ƙarƙashinta ɗauke da sukari, da gangunan man fetur, da albarushi kusan tan 5. Daidai gadar ya fashe. Mutanen da ke cikin jirgin suka mutu, gadar ta rushe, tagogin gidajen unguwar suka farfashe. A shekarar da ta biyo baya, 1875, aka yi dokar da ta tsara yadda ake ɗaukar abubuwa masu fashewa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan: ginshiƙan ba su karye ba. Da aka zo sake gini sai aka tsayar da su, amma aka juya su, ɓangaren da igiya ta ci ya koma baya, lafiyayyen ya fuskanci turba. Sai igiya ta sake cin sabon ɓangaren. Saboda haka a ginshiƙi ɗaya akwai tsagogin kafin fashewar da na bayanta. Ki zagaya ki duba.

Bintu_Tattaki:
Ita ce! Wallahi ita ce. @ɗanTarihi yau da safe na je na zagaya bayan ginshiƙin, na gansu. Na daɗe a tsaye. Mutane suna ta wucewa da kekunansu.

Hajiya_Uwani:
Allah Sarki. Mutum nawa ne suka mutu a jirgin? Ana kiran sunan gadar da na jirgin, su fa?

ɗanTarihi:
Mutum 3 ne, Hajiya, ma'aikatan jirgin. Kuma tambayarki ita ce ainihin maganar. Idan aka zo tarihin wannan hanyar, sunan John Nash ake fara kira, babban mai tsara gine-gine, sai James Morgan injiniyan aikin. Waɗanda suka riƙe diga da shebur, suka tura baro, suka kirɓa yumɓu suka shafe ƙasan ramin don kada ruwa ya tsiyaye, ba a jera sunayensu a ko'ina a bakin ruwan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wata hanyar ruwan a arewacin Ingila akwai ramin Standedge da aka huda ƙarƙashin duwatsu, tsawonsa ya kai kilomita 5. Shekara 17 aka yi ana aikin kafin a buɗe a 1811, kuma ma'aikata kusan 50 suka rasa rayukansu.

Kwale_Kwale:
Ƙarin bayani kan maganar rami. A wannan hanyar ta Bintu ma akwai guda a Islington, mita 878, kuma babu turbar doki a ciki. Sai a kwance doki a bi da shi ta saman tudu, su kuma maza su kwanta rigingine a kan katako a bakin jirgi, su riƙa taka bangon ramin da ƙafa suna tura jirgin, cikin duhu, ruwa na ɗiga musu a fuska. Haka ake yi har zuwa 1826 da aka kawo jirgin tururi mai jan sarƙa.

Na taɓa shiga ɗakin irin jiragen nan a gidan tarihi. Ina miƙa hannuwana biyu na kusa taɓa bango da bango. Bai wuce mita 3 a tsawo da mita 2 a faɗi ba, kuma a nan miji da mata da 'ya'ya suke kwana, suke girki. Gadon ma daga jikin kabad ake sauko da shi da dare, da safe a mayar. Abin da ya jawo haka shi ne zuwan jirgin ƙasa: kuɗin dako ya faɗi, mai jirgi ya kasa biyan hayar gida da ladan yaron jirgi, sai ya kwaso iyalinsa su zama su ne ma'aikatan. Yara ƙanana ke bin doki a baya tun asuba. Sai a 1877 aka yi dokar farko kan zaman iyali a jiragen, bayan wani mutum mai suna George Smith ya yi shekaru yana fafutuka a kan halin yaran.

Zalɓe_07:
To kun gani ko? Baiwar Allah ta zo da natsuwarta, kun ɗora mata fashewar jirgi da wahalar yara. Wannan shi nake gudu. Mai aikin dare hutu take nema, ba darasi ba.

Dattijo58:
Ɗana Zalɓe, na fahimce ka, kuma ba na ganin laifinka. Amma bari in faɗa maka nawa.

Ni da mai ɗakina mun shekara fiye da 20 muna tattaki bakin wani tafki duk yammacin Asabar. Akwai benci na uku daga ƙofa, a nan take zama ta cire takalmi saboda ƙafarta na kumbura, ni kuma in tsaya ina jiran ta huta. Allah Ya yi mata rasuwa shekara 4 da suka wuce. Na yi kusan shekara ban koma ba. Ranar da na koma, na tarar da wasu yara biyu sun hau bencin suna dira, uwarsu na yi musu faɗa. Babu abin da suka sani game da ita, kuma babu dalilin da zai sa su sani.

Abin da na lura shi ne, shirun wurin bai ragu ba don ina ɗauke da ita a zuciya. Nauyi ya ƙaru, amma natsuwar tana nan, har ta fi da. Da ina zuwa ne in motsa jiki. Yanzu ina zuwa ne in zauna da abin da ya wuce ba tare da ya kayar da ni ba. To idan benci ɗaya yana ɗauke da wannan, ina ga turbar da ta shekara 200?

'Yata Bintu, kada ki daina zuwa. Nauyin da kike ji zai zauna daidai.

Hajiya_Uwani:
Allah Ya jiƙanta da rahama, Baba, Ya sa ta huta. Ka sa ni hawaye.

Bintu_Tattaki:
Amin. Na gode Baba, Allah Ya ƙara maka haƙuri. Ba zan daina ba insha Allah.

Malam_Nafi'u:
Allah Ya gafarta mata. Ina so in kawo wani wuri da ya juya tambayar ta wata fuska. A birnin Seul na Koriya ta Kudu akwai rafin Cheonggyecheon a tsakiyar gari. Na taka shi da dare, ruwa garau, duwatsun tsallakawa, iyalai zaune sun tsoma ƙafa. Za ka rantse haka Allah Ya bar shi tun fil azal.

Alhali kuwa bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, bukkokin 'yan gudun hijira ne jere a bakinsa, ruwan ya zama kwata. Daga 1958 aka fara rufe shi da kankare, daga baya aka ɗora gadar sama a kai, aka gama a 1976. Rafin ya ɓace ɗungurungum, motoci ke gudu a samansa. Sai a 2003 magajin garin lokacin, Lee Myung-bak, ya sa aka rushe gadar, aka buɗe kusan kilomita 6 na rafin a 2005. Ruwan da kake gani ma yawancinsa da injin ake turo shi daga kogin Han.

Sun bar ginshiƙai 3 na tsohuwar gadar saman tsaye a cikin ruwa, da gangan. Sannan akwai tsohuwar gadar dutse, Gwangtonggyo, wadda Sarki Taejong ya gina a 1410 da duwatsun da ya sa aka ciro daga kabarin matar ubansa, Sarauniya Sindeok, saboda gabar da ke tsakaninsu, mutane su riƙa takawa. Gaba kaɗan kuma ga mutum-mutumin Jeon Tae-il, matashin tela ɗan shekara 22 da ya cinna wa kansa wuta ranar 13 ga Nuwamba 1970 don nuna baƙin cikin yadda ake gallaza wa 'yan mata masu ɗinki a kasuwar da ke bakin wurin.

Tafiyar awa ɗaya, ka ratsa shekara 600. Tambayata: wanne ne ainihin wurin? Rafin sarakuna, ko kwatar talakawa, ko titin motoci, ko lambun yau?

Injiniya_Sabo:
Malam Nafi'u, a ganina duk su ne. Kuma maganar injin turo ruwa ta tuna min: natsuwar da muke gani a irin wuraren nan aiki ne ake yi mata kullum. A turbar da Bintu take takawa, tun 1979 aka binne manyan wayoyin lantarki a ƙarƙashin dakalin, kuma da ruwan hanyar ake sanyaya su. Wato har gobe wurin yana dako, sai dai yanzu wuta yake ɗauka ba kwal ba. Idan aka bar yashe ruwan da gyaran ƙofofin da ke tare shi na 'yan shekaru, laka da ciyawa za su cinye shi.

Mai_Keke22:
Tunda an zo maganar turba, don Allah masu tafiya a ƙasa ku riƙa barin gefe. Faɗin hanyar bai kai na mutum uku ba, ga ruwa a gefe, mutum ya toshe kunne da waƙa ana buga masa ƙararrawa ba ya ji.

Hajiya_Uwani:
Ɗana Mai Keke, ku ma ku rage gudu. An yi turbar ne don takun doki mai jan kaya, wanda bai wuce takun mutum ba. Na taɓa ganin tsohuwa ta manne da bango a ƙarƙashin gada tana rawar jiki saboda mai keke ya shigo kwana a guje. Ni ba na zuwa irin wuraren idan rana ta faɗi, ko babu fitila ko babu mutane. Mace ba ta samun shirun nan yadda namiji yake samu, wannan ma a faɗe shi.

Mai_Keke22:
Gaskiya ne Hajiya, na karɓa. Ƙarƙashin gada dai ya kamata kowa ya sauka ko ya tafi a hankali.

Ramatu_S:
Bari in dawo da mu kan tambayar, domin ina ganin akwai bambancin da ba a fito da shi ba. Wahalar aiki daban, zalunci daban. Tsagar igiya tana sa ka girmama masu gumi. Amma akwai bakin ruwan da abin da aka yi a wurin kisa ne.

Na yi karatu a Faransa. Bakin kogin Seine a Paris wuri ne da kowa ke ɗaukar hoto. Wata ƙawata 'yar Aljeriya ce ta tsayar da ni a gadar Saint-Michel ta nuna min wani ƙaramin allo da na wuce sau ba adadi ban gani ba. Ranar 17 ga Oktoba 1961, dubban 'yan Aljeriya suka fito zanga-zangar lumana kan dokar hana fita da aka ƙaƙaba musu su kaɗai. 'Yan sanda ƙarƙashin shugabansu Maurice Papon suka far musu, aka kashe gommai, aka jefa wasu cikin kogin. Sai da aka shekara 40, a 2001, kafin a kafa allon.

Ƙawata ba ta yi doguwar magana ba. Ta ɗora hannu a kan allon, ta yi addu'a, muka ci gaba da tafiya. Amma ni daga ranar ban ƙara iya kallon ruwan nan kamar da ba, kuma ba na son in iya. @Zalɓe_07, a irin wannan wurin, cewa "ruwa ruwa ne" yana yi wa wasu ciwo, domin shekara 40 ana faɗa musu hakan.

Zalɓe_07:
Yaya Ramatu, wannan kam ba ni da ta cewa, kin yi gaskiya. Ban yi nufin a binne zalunci ba. Abin da nake karewa shi ne haƙƙin mutumin da ya gaji ya zauna bakin ruwa ba tare da an sa shi jin kamar ya yi laifi ba. Ina ganin za a iya kafa allo, mai so ya karanta, mai so ya wuce.

Abu_Hanan:
A Gana akwai Assin Manso, kimanin kilomita 40 daga Cape Coast. Rafi ne ƙarami a cikin inuwar itatuwa da gora, ana kiransa Donkor Nsuo, wato rafin bayi. A nan ake tsayar da waɗanda aka koro daga arewa cikin sarƙa, a yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su kurkukun bakin teku. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum 2 daga zuriyar bayin, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin.

Na je. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kyan wurin. Tsuntsaye na kuka, ruwa na gudu a hankali a kan yashi. Mai yi mana jagora ya ce wanda yake so ya cire takalmi ya bi turbar zuwa rafin. Na cire. Ƙasar da sanyi, da ƙananan tsakuwa masu sukar tafin ƙafa. Babu wanda ya yi magana a cikinmu har muka dawo. Ban san sunan da zan ba abin da na ji ba, amma ba hutu ba ne, kuma ban yi nadamar zuwa ba.

Malam_Nafi'u:
Abu Hanan, wannan ya sa na ga cewa shiru iri biyu ne. Akwai shirun wurin da aiki ya ƙare aka tashi, kamar turbar Bintu. Akwai kuma shirun wurin da aka rufe bakin mutane. Kunne ba ya bambance su, sai an faɗa maka.

Kwale_Kwale:
Har da na uku: wurin da mutanen suna ƙarƙashin ruwan. Tafkunan madatsun ruwa da yawa haka suke. A yankin Wales na Birtaniya akwai Llyn Celyn, tafki lumui tsakanin tsaunuka. A 1965 aka cika shi don bai wa birnin Liverpool ruwa, ya haɗiye ƙauyen Capel Celyn da makarantarsa da majami'arsa da gidan waya, mutum 48 suka rasa muhalli. Sai a 2005 majalisar birnin ta nemi afuwa. Idan aka yi fari ruwa ya ja baya, akan ga ragowar harsashin gine-gine.

ɗanTarihi:
Kar kuma mu manta cewa kasancewar waɗannan turbobin a yau ma wasu ne suka tsaya. Bayan tsananin sanyin 1962 zuwa 1963, lokacin da ruwa ya daskare makonni jirage suka kasa motsi, dakon kaya a ƙananan hanyoyin ruwan Ingila ya durƙushe. Da yawa suka koma juji, har da waɗanda aka cike da ƙasa. 'Yan sa-kai ne suka shiga laka suka riƙa kwashe shara suna gyara ƙofofi.

A Amurka ma, hanyar ruwan Chesapeake da Ohio, mai tsawon kusan kilomita 297 daga Washington zuwa Cumberland, ta daina aiki a 1924 bayan ambaliya. Aka so a mayar da ita titin mota. A 1954 wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, ya ƙalubalanci editocin jaridar da suka goyi bayan titin da su zo su taka ta da ƙafa tare da shi. Kwana 8 suka yi suna tafiya. Jaridar ta sauya ra'ayi, a 1971 aka mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa. Saboda haka cikin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka har da alherin wasu, ba wahala kaɗai ba.

Ramatu_S:
Haka ne, amma gyaran ma yakan zo da nasa korar. Idan aka share bakin ruwa aka dasa fure, haya takan tashi, waɗanda suka zauna da wurin lokacin yana wari su ne farkon barinsa. Malam Nafi'u, a Seul ma ai an tashi 'yan tireda da masu ƙananan shaguna da yawa lokacin aikin, ko ba haka ba?

Malam_Nafi'u:
Haka ne Malama, an tashe su, kuma an yi ta rigima a kai. Masana tarihi ma sun yi ƙorafin an yi gaggawa, har gadar 1410 ɗin da na ambata sai da aka matsar da ita daga gurbinta na asali.

Abu_Hanan:
Wadi Hanifa da ke ratsa Riyad shi ma misali ne. Kwari ne mai tsawon kusan kilomita 120, sunansa daga ƙabilar Banu Hanifa. A bakinsa Dir'iyya take, hedikwatar daular Saudiyya ta farko, wadda sojojin Ibrahim Pasha na Masar suka rushe a 1818. Daga baya kwarin ya zama wurin zubar da shara da ɗiban ƙasa, sannan aka gyara shi har ya samu lambar yabo ta Aga Khan kan tsarin gine-gine a 2010. Yanzu iyalai ke shimfiɗa darduma a wurin da yamma. Ana hore mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance, to ga shi a fili, kango a sama, yara na wasa a ƙasa.

Dattijo58:
Waiwaye adon tafiya ne, amma mai waiwaye ba ya tsayawa cak. Ni abin da nake yi, idan na isa bencin nan sai in yi mata addu'a, in haɗa da duk wanda ya taɓa zama a wurin, sannan in miƙe in ƙarasa zagayena. Zalɓe, kai ma wata rana za ka samu naka bencin. Allah Ya sa da sauran lokaci mai tsawo.

Zalɓe_07:
Amin Baba. Har yanzu ina kan cewa ba dole ne kowa ya ɗauki wannan kaya ba. Amma zan duba gadar da nake bi gobe, in ga ko akwai tsaga.

Injiniya_Sabo:
Ka duba kusurwar bangon, daidai tsayin ƙugu zuwa ƙirji, ta ɓangaren turba. Sau da yawa akan sa wani dogon ƙarfe a kusurwar don ya kare bulo, a jikinsa za ka gansu. Idan babu ƙarfe, duba bulon kansa.

Bintu_Tattaki:
Na gode muku duka. Yau na bi ta wajen King's Cross na shiga gidan tarihin hanyar ruwan. Ashe ginin tsohon rumbun ƙanƙara ne na wani ɗan kasuwa, Carlo Gatti, wanda yake shigo da ƙanƙara daga ƙasar Norwe a jirgin ruwa, a biyo da ita ta wannan hanyar a zuba a manyan rijiyoyi biyu da ke ƙarƙashin ginin. Na leƙa ɗaya, sanyi na tasowa daga ciki.

Ban samu amsa guda ba. Wata safiyar ina ji kamar Baba, wata kuma kamar Yaya Ramatu, jiya kuwa gajiya ta yi yawa, agwagi kawai na kalla na wuce gida. Injiniya, gangaren dawakan da ka ce, na ga guda biyu. A ɗayan wata agwagwa ce kwance da 'ya'yanta shida. Akwai wanda ya san ko a ina ake kwanar da dawakan da dare? Ina ganin wasu gine-gine masu ƙananan tagogi a bakin ruwan, ina zargin ko bargar doki ce.

Kwale_Kwale:
Wataƙila su ne. Ki duba wajen Camden, akwai tsofaffin bargogi a can, har da ginin da ake jinyar dawakan da suka ji rauni, mai gangaren da doki ke hawa zuwa bene. Kasuwa ce yanzu. Ki je da sassafe kafin a buɗe, za ki fi ganin ginin sosai.